Fitilar da Na Ƙi Kashewa

Na ga saƙonninku, musamman ke da kika rubuto har sau uku kina tambaya ko na amsa wa Chengen ko har yanzu jan aji nake. Ki yi haƙuri, yau ma ba za ki samu amsa ba, don abin da ya faru a ƙarshen makon nan ya sha gaban maganar aurena. Amma yana cikin labarin, kada ki rufe shafin.

Ga sababbin zuwa, sunana Kuo Yalan, shekarata ashirin da tara, a Tainan aka haife ni kuma a nan nake. Mama tana sayar da faten shinkafa da kifi a kasuwar unguwarmu tun kafin in yi wayo. Baba ya rasu ina sakandare. Yayana Juifeng ɗan rawa ne, yana da 'yar ƙaramar ƙungiya, ni ce mai kula musu da dandamali. Ina zama a wani ɗan akurki a bayan 'yan kallo, ina ƙirga takunsu, ina kunna wannan fitila in kashe waccan.

Sai A-Che. Sunansa Liao Mingche, amma ba wanda ke kiransa haka. Shekara shida ke nan suna soyayya da Yaya, gida ɗaya suke, rawa ma tare. Mama ta yi kukanta na wata uku a farko, daga baya ta gano A-Che ya fi 'ya'yan cikinta iya cire ƙayar kifi, shi ke nan ya zama ɗan gida. Duk Lahadi cinyar kaza tasa ce. Abin da ya rage shi ne maganar jika, ita kuwa sai Mama ta tattaro ta gaba ɗaya ta jibge a kaina. Ta haka Tu Chengen ya shigo rayuwata: ɗan ƙanwar matar da ke sayar wa Mama citta, likitan gashin ƙashi, mutumin da ke sa safa da silifas ya fito titi ko a jikinsa.

Sabuwar rawar da Yaya ya shirya ta mutum biyu ce, shi da A-Che. Tebur ɗaya, kujera biyu, minti arba'in. Maza biyu ne masu son juna suna faɗa. Akwai ture, akwai shaƙa, akwai inda ɗaya ke jan ɗaya a ƙasa, akwai kuma inda suke rungume har ka rasa gane riƙo ne ko kokawa. Mai kallo zai rantse karairaya juna suke yi. Mu da ke ciki mun san ƙa'idar: wanda zai faɗi shi ke da iko. Mai turewa ɗora hannu kawai yake yi, mai faɗuwa shi ke kai kansa ƙasa. Marin ma iska yake bi, ƙarar kuwa wanda aka mara ne ke yin ta da tafinsa a cinya.

A ƙarshen rawar babu kiɗa, sai ƙirga takwas. A biyar Yaya ya ɗaga hannu, a bakwai hannun ya wuce gefen fuskar A-Che, a takwas A-Che ya faɗi, ni kuma in kashe fitilu gaba ɗaya. Duhu, tafi, a tashi.

To sati biyu ke nan fitilata tana makara. Ni kuwa ba na makara, wannan ba cika baki ba ne. A-Che ne ke faɗuwa a shida. Sai ya kwanta a ƙasa cikin haske har ƙirga biyu, ni ina can yatsa a kan maɓalli ina jin haushi. Kullum bayan gwaji sai na tura masa saƙo.

“A-Che, ka sake riga ni. Takwas ne, ba shida ba.”

Sai ya turo mini hoton wani ɗan zomo yana ta sunkuyar da kai, a ƙasa ya rubuta: “Yi haƙuri shugaba, gobe zan gyara.”

Gobe ta zo, shida. Yaya kuwa a gaban kowa yake ce masa, “Shekara ashirin kana rawa, ƙirga takwas ta gagare ka?” Ni ma, in faɗa muku gaskiya, har dariya na taya shi sau ɗaya.

Ranar Asabar za mu yi gwajin ƙarshe da ƙarfe biyu na rana. Da safe ina ɗaure igiyar takalmi Mama ta tsaya a kaina da wata shuɗiyar riga mai ƙananan furanni, har yanzu da takardar shago a wuyanta.

“Chengen zai je kallon gwajinku. Na gaya wa innarsa.”

“Mama, aiki zan je. Baƙaƙen kaya ake sawa.”

“Baƙi, baƙi, kullum baƙi kamar mai zaman makoki. Wane namiji ne zai ga mace a cikin duhu sanye da baƙi ya ce ya gani yana so?”

“To ai ba ganina zai je yi ba.”

“Yayanki zai aura?”

Mun daidaita a kan in sa baƙin wandona da baƙar rigata, amma in ɗora koren awarwaronta na dutse, wanda ta ce kakata ta ba ta. Da sabulu ta tura mini shi. Ta kuma cika wata kula da fate ta ce in kai wa A-Che, wai ta ga ya rame.

Chengen ya zo da safarsa. Ya zauna a layi na uku shi kaɗai, bai taɓa waya ba har aka gama, abin da ko masu ba mu tallafi ba sa iyawa. A-Che ya faɗi a shida. Bayan an tashi Chengen ya ce mu je mu sha ƙanƙara da mangwaro a shagon da ke tsallaken titi. Muka zauna a ƙarƙashin fanka, ya juya cokali ya juya, bai kai baki ba.

“To, malam likita, yaya ka gani? In ba ka gane komai ba faɗi kawai, Mama ma ba ta ganewa.”

“Mai rigar toka ɗin nan, wa ke duba shi?”

“A-Che? Lafiyarsa ƙalau. Ƙirga ce kawai ta gagare shi.”

“Ba ƙirga ba ce.” Ya ajiye cokalin. “A biyar yake runtse ido. Kafaɗarsa ta dama tana tashi ta rufe kunne. Daga nan ƙafafun ba nasa ba ne kuma.”

“Wasan ne haka.”

“Sauran wuraren duka yana jiran hannun ya iso. An shaƙe shi ya jira, an ture shi ya jira. Nan kaɗai ne ba ya jira.”

Na ce, “Kai daga zuwa kallo sau ɗaya har ka zama malamin rawa?”

“Ban san rawa ba. Amma da ya zo gaishe ni ya naɗe hannun riga. Akwai tabo a damtsensa, huɗu a waje, ɗaya a ciki.”

“Mutumin da ke faɗuwa ƙasa sau talatin a rana, ba zai yi tabo ba?”

“Daɓe ba shi da yatsu, Yalan.” Ya ture kwanon ƙanƙarar gefe. “Kuma na lura, a duk rawar ta hannun hagu yayanki ke kama shi. Tabon a dama yake.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na gaya masa maganganu, wasu ba zan rubuta su a nan ba. Na ce ya san wane ne yayana kuwa? Na ce mutumin da bai iya zaɓar takalmi ba shi zai zo ya zaɓa mini abin da zan yarda da shi a kan ɗan'uwana? Matar shagon har ta rage ƙarar talabijin don ta ji da kyau. Shi dai cewa ya yi, “Ina fata ni ne na yi kuskure.” Na hau babur ɗina na bar shi da kwano biyu suna narkewa.

Da na isa gida Mama ba ta dawo daga wurin bauta ba. Na shiga ɗaki na buɗe kwamfuta. Duk gwajin da muka yi tun watan uku ina da bidiyonsa, aikina ne. Na ce bari in nemo wuri ɗaya tak da Yaya ya kama hannun dama, in tura wa mai safa ya ji kunya. Na kalli na jiya, na kalli na makon jiya, na koma har na farko. Hagu ne, ko'ina hagu. Ni da kaina na rubuta a littafina tun ranar farko cewa kafaɗar A-Che ta dama tana da tsohon ciwo, ba a taɓa ta. A bidiyon watan uku da na huɗu kuma yana faɗuwa a takwas cif, idonsa a buɗe.

Sai na tsayar da na jiya a kan ƙirga ta biyar na ƙara girman hoton. Ido a runtse, kafaɗa ta rufe kunne. Na san wannan tsayuwar. Har yau in ka miƙa hannu da sauri za ka ɗauko kofi a kantar da ke saman kan Mama, haka take yi, shekara goma sha huɗu bayan an binne Baba. Sai ta wayance ta ce wuyanta ne ke ciwo.

Ban taɓa ba ku labarin Baba ba, yau ma kaɗan zan faɗa. In ya fara faɗan da ke ƙarewa da duka, Mama takan tashi ta rufe tagogi don kada maƙwabta su ji. Yaya kuma, yana ɗan shekara goma sha biyu, yakan tura ni cikin kabad ɗin kaya ya ce in yi ta ƙirge har ya zo ya buɗe. Shi yake tsayawa a waje. Wurinsa na koyi ƙirga. Shi ya sa na zauna a gaban kwamfutar nan ina son yayana, ina kuma jin kunyar saƙonni goma sha huɗu da na tura wa A-Che ina masa faɗa.

Lahadi ita ce ranar buɗewa, ƙarfe biyu da rabi na rana. Kamar kullum muka jera tebur a bakin dandamali da lemo da biskit, kowa ya riƙe turaren tsinke uku, muka sunkuya muka roƙi a tashi lafiya. Na ɗora koriyar ledar ƙwalam a kan na'urar fitilu, wani camfi ne namu na nan, wai don kada ta yi mana gardama. Muna gamawa Yaya ya biyo ni har akurkina, fuskarsa rabi da kwalliya.

“Yalan, na yi tunani. Mayar da duhun shida.”

“Takwas ne a littafi.”

“Na san abin da ke littafi, ni na shirya. Tunda ya kasa, mu bi shi. Yana faɗuwa ki kashe, ba wanda zai lura.”

“Me ya sa yake faɗuwa a shida, Yaya?”

Ya dube ni. Idonsa irin na Baba ne, ban taɓa yarda na ga haka ba sai ranar. “Ke dai kashe fitila. Shi ne aikinki.” Ya dafa kaina kamar yadda ya saba tun ina ƙarama, ya fita.

Na sami A-Che shi kaɗai a ɗakin shiri yana cin faten Mama na jiya da ya ɗumama. Na rufe ƙofa. Ban iya kwana-kwana ba, na ce, “Naɗe hannun rigarka na dama.”

Ya yi dariya. “Shugaba, yau kuma binciken tsafta ake?”

“A-Che.”

Dariyar ta tafi. Bai naɗe ba, bai kuma musa ba. Ya ci gaba da tsince ƙaya daga kifin yana jerawa a gefen murfi.

“Tun yaushe?”

“Ba kullum ba ne. Aikin nan ya yi masa nauyi. In an gama wasannin zai dawo daidai.”

“Zan iya hana a fara. Sai na ce a fara ake farawa, ka sani.”

“Kada ki yi.” Ya riƙo hannuna, awarwaron Mama ya bugi tebur. “Don girman iyayenki kada ki yi. Minti arba'in ɗin nan su kaɗai ne a yini nake sanin inda hannunsa zai sauka.”

Na koma akurkina. Ta gilashi na hango Mama a layi na biyu da jar rigarta ta zuwa biki, gashi ya sha gyara, Chengen a gefenta riƙe da jakarta. Ya sa takalmi sau ciki, na lura. Wayata ta yi motsi, shi ne: “Ba sai kin amsa ba. Motata tana ƙofar baya, in ana bukata.” Na gyara alamar da ke littafina daga takwas zuwa shida, da fensir. Na ce a fara.

Sun yi rawa yadda ban taɓa ganin sun yi ba. Mutum ɗari da ashirin a zaure, ko tari babu. Ni ina bin littafi, fitila ta sha ɗaya, ta sha biyu, hannuna yana aikinsa. Amma tunanina yana kan alamar fensir ɗin nan. In na kashe a shida, kowa zai tafa, a ba su furanni, su hau babur ɗaya su koma gida. Na tuna ƙarar tagar falonmu in Mama ta ja ta, wani ɗan ƙiii da take yi a ƙarshe.

Kiɗa ya tsaya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. A biyar Yaya ya ɗaga hannu, A-Che ya runtse ido. A layi na biyu na ga kafaɗar jar riga ta tashi ta rufe kunne. Shida, A-Che ya zube.

Na ɗauke yatsana daga kan maɓallin na sa hannun a cinyata.

Bakwai ta wuce, takwas ta wuce. Fitilu suna nan tar. A-Che yana ƙasa a dunƙule, hannu biyu a kan kai, kuma duk wanda ya kalli minti talatin da tara na baya ya san wannan kwanciyar ba irin sauran ba ce. Yaya yana tsaye a kansa, hannu a sama, yana jiran duhun da zai sauke shi a ciki. Ya ɗago ya kalli akurkina. Na kalle shi. Na ci gaba da ƙirgawa a zuci don ban san abin da zan yi ba in ba shi ba. Na kai goma sha tara.

Sai muryar Mama, ba da ƙarfi ba, irin wadda take kiran mai citta da ita.

“Kuo Juifeng. Sauke hannun nan.”

Ya sauke. Ya tsaya yana kallon tafinsa. Wani a baya ya fara tafi, yana zaton cikin shirin ne, wasu suka taya shi, tafin ya yi rabi ya mutu. Sai a sannan na kashe.

Kafin in sauko Mama ta riga ni ɗakin shiri. Mutumin da ke gadin ƙofa ya ce ya yi ƙoƙarin tsayar da ita. Na tarar ta naɗe hannun rigar A-Che da kanta, ta duba, ta mayar ta gyara masa maɓalli. Yaya yana tsaye jikin madubi, gumi yana wanke masa kwalliya.

“Mama, ba ki gane ba ne, rawa ce…”

“Na gane. Yau dai na gane.” Ba ta ko dube shi ba. “A-Che, ɗauko takalminka. Ɗakin Juifeng na da yana nan, na shanya katifar shekaranjiya.”

“Anti, akwai wasa gobe.”

“Babu.”

A-Che ya kalli Yaya. Na rantse muku na ɗauka ba zai taso ba. Ya daɗe riƙe da takalmin a hannu. Daga baya Mama ta ɗauki kularta da hannu ɗaya, ta kama hannunsa na hagu da ɗayan, suka fita ta ƙofar baya, shi ƙafa ba takalmi. Chengen ya buɗe musu mota. Da na zo shiga sai ya ce a hankali, “Awarwaron ya yi miki kyau.” Na ce ya ja mota kawai.

Yanzu da nake rubuta muku wannan, A-Che yana kicin yana cire wa Mama ƙayar kifin gobe, ta hana shi ya ƙi. Tagogin falo duk a buɗe suke, Mama ce ta bubbuɗe su da muka shigo, ko da yake ana yayyafi. Ban sani ba ko ina da aiki har yanzu. Ban sani ba ko ina da yaya.

Ɗazu wayata ta yi motsi. Yaya ne, layi ɗaya.

“A ƙirga ta nawa kika gani?”

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na tura masa: “Biyar. Kamar Mama.”

Ya karanta, alamar ta nuna. Minti ashirin ke nan wayar tana gabana a kan tebur bai ce komai ba, kuma yanzun nan na ji tsayuwar babur a ƙofar gida.